Matar da ta haihu ta dawo ta kwashe zinare a kan ƙanƙara

Salamu alaikum jama'a, Katsinawa da Daurawa ina gaisuwa, yau daga Holmenkollen nake magana, saman tsaunin Oslo ke nan a Norway, kuma wallahi tun ɗazu bakina a buɗe yake saboda labarin wata mata da maƙwabcina ya ba ni, Marit Bjørgen. Wasan nata gudun kan ƙanƙara ne, ƙafa kan sulɓaɓɓun katakai biyu dogaye, sanda biyu a hannu, ba gangara kawai ba fa, hawa ake yi da ƙarfin ƙirji, a lokacinta har kilomita 30 cikin daji.

Tun 2002 ta fara samun lamba a Olamfik, azurfa, a Amurka. A Vancouver ta Kanada 2010 zinare 3 ta ɗauka. To abin da ya tsaya min a rai shi ne ta haifi ɗanta a ƙarshen 2015, kowa ya ɗauka shi ke nan an rufe babi, sai ga ta a Koriya ta Kudu 2018 tana da shekara 37 ta ci lambobi 5, har da zinaren kilomita 30, tserenta na ƙarshe a Olamfik. Jimla 15, takwas zinare. Kai! Uwa mai goyo fa, a sanyin da ke daskarar da gashin hanci, mu da hunturun Daura kaɗai ke hana mu wankan asuba sai an dafa ruwa.

Ga hanyar nan ku gani, layi biyu ne inji ya tsaga a ƙanƙarar, nan suke zura ƙafa. Don Allah in kun zo kada ku taka shi da takalmi, mutanen nan ba su da faɗa amma a kan wannan layin za ka ga tsoho ya murtuke fuska. Kuma ku nemi rigar ulu ta ciki, auduga in ta jiƙe da gumi sanyi ne zai shige ka har ƙashi. Shayin nan da ke hannuna kusan kurona 50 a kuɗin Norway, ko fura babu, Allah ya kai ni gida.

Mu ma fa muna da namu, Samuel Ikpefan, a Faransa ya tashi amma tutar Najeriya ya ɗaga a wannan wasan a Beijing 2022. Na faɗa wa maƙwabcin nawa har sau biyu don ya ji da kyau.