Darasin Saƙa Daga Jos: Yadda Ake Gyara Zaren Mazari Kafin A Saƙa Rigar Sanyi Da Shi

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu saƙa, barkanmu da war haka. Auta, ɗan sunkuyar da wayar, hannuna nake so su gani. Yauwa, tsaya a nan.

Yau Jos ta tashi da hazo, kun ga ni da rigar sanyi a cikin ɗaki. Mu da muke kan tudun nan, sama da mita 1,200, ba ma jiran Disamba kafin mu ɗauko tsinken saƙa, domin ko da damina idan aka kwana ana ruwa sai yara sun sa suwaita. To wannan da ke jikina da zaren da na kaɗa da hannuna na saƙa ta, kuma a kanta za mu yi magana.

Ga audugata, na riga na gurje ta na fitar da angurya, na shiɓe ta. Wannan kun sani, ba zan ɓata muku lokaci ba. Wata ta tambaye ni me ya sa ba na kaɗa gashin tumakinmu na gida. 'Yar'uwa, tumakinmu irin su 'yankasa da uda da balami gashi ne da su gajere mai santsi, ba ya kama juna. Ulu na gaske sai a jikin irin su merino da ake kiwo a Ostareliya. Mu kuwa Allah ya ba mu auduga, wannan ma daga wajen Funtuwa aka kawo mini ita.

Kuma tunda maganar ta zo, yawancin abin da muke saya a kasuwar Taminus ta nan Jos muna ce masa ulu, roba ne, akirilik. In kina son ganewa, yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana a kan faranti. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ne. In ya yi ƙaurin gashi, ulu ne. Auduga kuwa ƙaurin takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Ba wai ina kushe akirilik ba ne, yana da sauƙin kuɗi da sauƙin wanki, da shi nake yi wa yara kayan makaranta.

To ga mazari a cikin taskira. Na shafa alli a yatsu don kada gumi ya kama zaren. Ina murza shi ta dama, kamar yadda hannun agogo yake tafiya, ina jan audugar a hankali da hagu. Abawa nake yi, mai kauri, arafiya ta yi siriri da yawa ga wannan aikin. Au, ya tsinke. Ba komai, buɗe bakin zaren ki ɗora a kan audugar, ki murza, ya haɗe. Kada ki ƙulla, ƙulli yana fitowa a jikin riga.

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne wurin da ya taɓa sa ni kuka. Kakata, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini kaɗi, amma ita masaƙa take sayar wa zarenta. A masaƙa zare yana miƙe, wani ya ratsa wani, kowa ya riƙe ɗan'uwansa. Saƙar tsinke kuwa ido ne cikin ido, zaren yana sake. Lokacin da na fara, na ɗauki zaren daga kan mazari kai tsaye na saƙa wa ɗana na fari riga. Wata biyu ina kanta. Da na wanke ta sai ta karkace gaba ɗaya, ɗinkin gefe ya dawo kan cibiya. Na warware na sake, ta sake karkacewa. Na ɗauka hannuna ne, ashe murɗin da ke cikin zaren ne yake neman hanyar kwancewa, yana jan kowane ido gefe guda.

Maganinsa tufka. Ki kaɗa mazari biyu, duka ta dama. Duka biyun, ina maimaitawa, kada ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ki nannaɗe kowanne ya zama dunƙule, ki jefa su a kwano daban-daban don kada su sarƙe. Sai ki haɗa bakunansu ki ɗaura a mazari, ki murza ta dama... a'a, astagfirullah, ta hagu. Ta hagu, akasin yadda kika kaɗa su. Kun ga ko ni hannu yana komawa inda ya saba. Murɗin hagu shi yake kashe na dama, sai zaren ya kwanta.

Yaya za ki san ya isa? Jawo kamar kamu biyu, ki kusanto da hannayenki ki bar shi ya yi lilo. Auta, matso. Kun ga wannan ya nannaɗe kansa kamar igiya, bai yi ba tukuna. Bari in ƙara masa. Yanzu fa? Ya sauka salin alin, ba ya juyawa. Haka ake so. In kin gama, naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan ɗumi kamar minti 20, ki matse ba tare da murɗawa ba, ki rataye a inuwa. Da iskar hunturun nan kafin la'asar ya bushe.

Gaskiya guda, auduga ita kaɗai ba ta tare sanyin Janairu. Ni nakan haɗa zaren audugar da silin ulu siriri guda ɗaya in saƙa su tare, sai a sami ɗumi, kuma rigar ba ta yin nauyi sosai. Wadda ba ta da lokacin kaɗi, ina da zaren da na tufke na wanke, fari da mai ruwan ƙasa, kuma ina karɓar aikin suwaita da hula da safar jarirai. Amma a yi magana da wuri, daga Nuwamba ba na ƙara karɓa. Ajinmu na Asabar ma yana nan, kowa ta zo da mazarinta.

Mu koma. Kafin ki ɗora riga ki saƙa ɗan gwaji, ki wanke shi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko. Nawa ga shi, da tsinke mai milimita 4 na sami ido 20 a santimita 10. Gaban rigar ɗan shekara 2 ina ba shi faɗin santimita 30, wato ido 60. Tsaya, bakin rigar ido biyu saƙar gaba, ido biyu saƙar baya za mu yi, to mu ɗora 62, don a fara da biyu gaba a ƙare da biyu gaba, gefen ya yi kyau wajen ɗinki.

Bakin nan da ƙaramin tsinke nake yinsa, milimita 3. Auduga ba ta miƙewa ta dawo kamar ulu, in kin yi shi da babba, kwana kaɗan zai saki ya yi lakwab. Ku duba yadda nake jan zaren da ɗan ƙarfi a ido na farko na saƙar baya, nan ne yake yawan buɗewa. Layi 12 sun isa, ni dai na fi son 14 saboda yaro yana tsawo. Daga nan ki koma babban tsinke ki miƙe har hammata, wannan ba sai na nuna ba.

Ga kiran sallar la'asar nan. Wuya da hannu sai ranar Laraba in Allah ya kai mu, ku zo kun saƙa gaba da baya. Auta, kashe haka nan. Wassalamu alaikum.