Ɗan dakon da ke cikin jininka

Duk ƙarfin ɗan dako, idan ya kai kaya ƙofar gida ya ƙi saukewa, ai bai yi aiki ba. To, cikin jajayen ƙwayoyin jininka akwai irin wannan ɗan dako, sunansa himogulobin. A huhu yake ɗaukar iskar oksijin, ya kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Dole riƙonsa ya zama daidai, kada ya yi tsauri, kada ya yi sako-sako. Ƙarfin riƙon nan kuwa, gadonsa ake yi daga iyaye.

A shekarar 1966, likitoci a Baltimore ta Amurka suka ba da labarin wani dattijo da jajayen ƙwayoyin jininsa suka yi yawa. Ashe himogulobin ɗinsa ne mai rowa: yana ɗaukar iska, sakinta ne ke masa wuya. Ƙoda sai ta ji kamar iska ta yi ƙaranci, ta aika wa ɓargo saƙo ya ƙara ƙera ƙwayoyi, jini ya yi kauri. Wannan nau'in aka sa wa suna Chesapeake. Akwai kishiyarsa, nau'in Kansas, mai sakin hannu. Leɓunan mai shi kan yi shuɗi-shuɗi har hankalin mutane ya tashi, alhali shi lafiyarsa lau.

Waɗannan ba kasafai ake ganinsu ba. Wanda muka sani a gidajenmu shi ne nau'in S, na sikila, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi a matsayin AS. Shi ma yana saurin sakin iska, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Da zarar ya sauke kayansa, sai ya manne da 'yan uwansa su zama kamar tsinkaye, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yaro barci ke nan. Ƙwayar lafiyayye takan yi kwana 120, ta mai SS da ƙyar take kai kwana 20.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ɗan tayi yana da nasa nau'in, F, wanda ya fi na uwarsa ƙarfin riƙo, shi ya sa yake iya karɓar iska daga jininta. Kuma F ba ya yarda da wancan mannewar. Saboda haka jariri mai SS yakan zo duniya garau, sai wajen wata shida, lokacin da F ya ja baya, a fara ganin kumburin hannu da ƙafa. Wasu kuma sun gaji F da ba ya gushewa har girmansu, sikilarsu takan zo da sauƙi. Maganin hydroxyurea da likitoci ke ba masu sikila, babban aikinsa shi ne ya sa ɓargo ya koma ƙera wannan himogulobin na jarirai.