Jawabin Maraba Ga Farfesa, Baƙonmu Daga Tsaunin Mambila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma ciyaman, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan kasuwa da matasa, barkanmu da yamma.

Ranka ya daɗe Farfesa, sannu da zuwa Agege, sannu da hanya, sannu kuma da go-sulo don mun samu labarin tun azahar kuka baro Lekki sai ga shi yanzu la'asar ta yi sakaliya. Haka Legas take, ba ta san babba ba. Mun san aikin da ya kawo ka garin nan na can wajen masu kare dabbobi da itatuwa ne, wato NCF da aka kafa tun 1980, mu kuwa ba ma cikin lissafi, amma da aka ce maka akwai 'yan uwanka a nan ka ce sai ka zo. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

To jama'a, baƙon namu masanin tsirrai ne, kuma yawancin aikinsa a kurmin Ngel Nyaki yake yi, kusa da ƙauyen Yelwa a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Wasu a cikinmu 'yan Gembu ne, ba sai na faɗa musu sanyin wurin ba, wuri ne da ya haura mita 1,400 sama da teku, hazo ya kan kwana a kan bishiyoyi har gansakuka ta fito musu a jiki. Masu shayinmu ma sun san yankin ko da ba su taɓa zuwa ba, ganyen Highland ai a Kakara ake yin sa, kan tsaunin nan dai.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai wani ɗan tsiro ne, Metarungia pubinervia. Ku yi haƙuri da bakina, sau uku na gwada sunan a gida yara na min dariya. Ba bishiya ba ce, ba kuma ciyawa ba, ɗan tsiro ne mai rassa da ke zama a inuwar manyan itatuwa, furensa ja, kuma waɗannan ƙananan tsuntsayen masu dogon baki siriri su ne ke zuƙar ruwan furen suna kai masa barbara daga wannan zuwa wancan. Da can masana sun ɗauka sai gabashin Afirka ake samun sa, daga Habasha a gangaro su Kenya da Tanzaniya har kudu. Kwatsam sai ga shi a tsaunukan Taraba, a 2008 masanan lambun Kew na Landan tare da Hazel Chapman, malamar nan ta jami'ar Canterbury da ta kafa aikin bincike a Ngel Nyaki, suka fitar da bayanin. Yaya aka yi ya tsallako duk wannan tazara? Mu ma da muka baro gida muka zo bakin teku ai mun san hanyar da muka biyo, shi fa? Wannan tambaya muna ajiye maka ita ranka ya daɗe.

Matsalar ita ce irin wannan tsiro ba ya rayuwa sai da inuwa da laima. Kurmin kuwa ɗan tsibiri ne a tsakiyar ciyawa, duk rani a sa wuta don sabuwar ciyawa ta tofo wa shanu, wutar ta lashi bakin kurmi, shanu su shiga su tattake 'yan tsiron da suka fito, baɗi kuma a sake. Ba rana ɗaya daji ke ƙarewa ba, a hankali ake gutsurar sa kamar ɓera da buhun gyaɗa. Wani zai ce ai Mambila cike take da itacen turare, me za a rasa? Turare katako ne da itacen girki, yana da amfaninsa, amma ba shi ne kurmi ba, biran cimfanzi da ke Ngel Nyaki ba za su samu abin ci a kansa ba.

Bari in taɓo inda ya shafe mu, ko da za a ji haushina. Shanun nan fa da yawa na mutanen birni ne, mu muke tura kuɗi ta waya a saya mana a ƙara a garke, ba ma tambayar ina suke kiwo. Sannan 'yan uwana masu maganin gargajiya, kun san sassaƙe nawa ke shigowa garin nan buhu-buhu. Akwai bishiyar Prunus africana a waɗannan tsaunuka, ɓawonta ake haɗa maganin matsalar fitsari ta dattawa da shi har a Turai, saboda yawan sassaƙar ta sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, a 1995 don a taƙaita cinikinta. Idan aka zagaye bishiya da sassaƙa an kashe ta kenan, idan aka ɗebi gefe aka bar gefe tana iya warkewa. Mai saye a Agege ko Mile 12 bai taɓa tambayar wanne aka yi ba, ni ma ban taɓa ba wallahi.

Don haka Farfesa roƙonmu kaɗan ne. Ka yi mana bayani da Hausa, irin wadda tsohuwa za ta gane. Ka bar mana hotunan itatuwan da aka hana taɓawa mu manna a rumfuna mu kuma tura a guruf ɗinmu na WhatsApp. In kuma akwai hanyar da za mu sa hannu wajen kewaye ciyawar bakin kurmi da waya kamar yadda muka ji ana yi don dajin ya dawo, ka faɗa mana nawa ne, ma'aji na nan zaune yana jin mu. Muna da yara da suka gama sakandare suna son karatun kimiyya, biyu daga ciki za su same ka bayan magariba in ka ba su dama.

Ga 'yar tsaraba nan, goro ne da hula, ba yawa. Ranka ya daɗe, bismillah, ga lasifika.