Lacca kan fim ɗin Satya: yadda Ram Gopal Varma ya shiga ɗakin ɗan daba

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da 'yan uwa masu sana'ar fim da nake hangowa can baya, na gode da kuka zo.

Duk wanda ya tashi yana kallon fim ɗin Indiya a garuruwanmu ya san ƙa'idar. Akwai ɗan wasa, akwai bos. Bos na zaune a katafaren gida, yara sun kewaye shi, da ya yi dariya sai ƙasa ta girgiza. Ɗan wasa kuwa ko harsashi nawa ya sha, sai ya gama jawabinsa kafin ya faɗi. A 1998 aka fitar da wani fim da ya karya wannan ƙa'ida, shi ne Satya, na darakta Ram Gopal Varma.

Varma bai yi karatun fim a makaranta ba. Injiniyancin gine-gine ya karanta, ya buɗe shagon hayar kaset a Hyderabad, a nan ya koyi sana'ar da ido. Ya fara da Shiva cikin harshen Telugu a 1989, ya yi Rangeela a 1995, fim na soyayya da rawa. To me ya kai shi ga 'yan daba? A watan Agustan 1997 aka harbe Gulshan Kumar, mai kamfanin kaset na T-Series, da rana tsaka a unguwar Andheri ta Mumbai. Varma ya sha faɗin cewa da mutane ke ta lissafin abin da mamacin ya yi a safiyar ranar, shi tunaninsa sai ya tafi kan wanda ya yi harbin. Shi ma fa ya farka da safe. Wa ya tashe shi? Ya karya kumallo kafin ya fita, ko sai da ya dawo? Daga wannan tambaya fim ɗin ya tsiro. Ya ɗauko Saurabh Shukla da wani matashi, Anurag Kashyap, suka rubuta labarin.

Labarin ba shi da wuya. Baƙo mai suna Satya ya sauka Mumbai, ba mu san garinsu ba, ba mu san iyayensa ba, kuma har fim ya ƙare ba a gaya mana. Aka ƙulla masa sharri, aka kai shi gidan yari, ya haɗu da wani jagoran 'yan daba mai suna Bhiku Mhatre, suka ba hammata iska, daga nan suka zama aminai.

Ina so mu daɗe a kan Bhiku, wanda Manoj Bajpayee ya fito a matsayinsa har ya ci kyautar ƙasa ta Indiya. Ku dube shi idan ya koma gida. Matarsa Pyaari, wato Shefali Shah, tana tare shi da faɗa kamar yadda kowace uwargida ke tare mijin da ya yi dare, shi kuma yana lallashi. Mutumin da unguwa ke tsoro ga shi ya rasa bakin magana a gaban matarsa. Maɓoyar 'yan daban ma ba fada ba ce. Ɗaki ne mai ƙunci da duhu, ga kwalabe, ga mutane cikin singileti suna cin abinci suna zolayar juna. Gerard Hooper da Mazhar Kamran, masu ɗaukar hoto, sun bar titin Mumbai yadda yake: cunkoso, ruwan damina, bango mai gansakuka. Kyamara takan bi mutum a kafaɗa cikin lungu, har ka ji kamar kai ma kana cikin masu gudun.

Yanzu ga inda gwanintar take. Varma ya sa ka saba da Bhiku, ka yi dariya da shi, ka ga yadda yake son abokinsa. Sai ubangidansa Bhau ya ci zaɓe, aka taru ana murna, ana raha, kawai Bhau ya ɗaga bindiga ya harbe shi a ka. Babu gargaɗi, babu jawabin bankwana. Ranar da na fara ganin wurin, wallahi sai da na mayar da kaset ɗin baya, don ban yarda abin da idona ya gani ba. Mai rubutun fim a cikinku ya riƙe wannan: mutuwar ta yi mana ciwo ne saboda dogon lokacin da aka ɓata ana nuna mana shi yana raye.

Wani zai ce ai wannan ƙawata ta'addanci ne. Tambaya ce mai kyau, kuma ban raina ta ba, domin akwai matasan da abin da suka ɗauka daga fim ɗin shi ne takun Bhiku. Amma ku tuna wurin silima. 'Yan sanda sun tare ƙofofi, Satya na ciki da Vidya, budurwarsa da ba ta san sana'arsa ba. Don ya tsira sai ya yi harbi, jama'a suka ruɗe, aka tattake bayin Allah da suka zo kallo. Fim ɗin bai ɗauke kai daga waɗannan gawarwaki ba.

Waƙoƙin ma, na Vishal Bhardwaj da baitocin Gulzar, akwai wadda 'yan daban da kansu suke rerawa a maɓoyarsu cikin maye, ba a kai su kan dutsen ƙanƙara ba. Ni dai a ganina ɓangaren soyayyar ya ɗan ja a wasu wurare, amma ƙarshen ya biya bashin. Satya ya soke Bhau a bakin teku, cikin turmutsutsin bikin Ganesh na mabiya addinin Hindu. Shi ma an harbe shi, jini na zuba, ya nufi ƙofar Vidya yana bugawa yana roƙo, ita kuwa ta riga ta san ko shi wane ne, ta ƙi buɗewa. Ya ɓalle ƙofar, harsashin sufeto Khandilkar ya same shi, ya faɗi a gaban ƙafafunta.

A kashe mana fitila mu kalli wurin gidan Bhiku tukuna, sannan na karɓi tambayoyi.