Yadda Mutum Uku Suka Kafa Ƙungiyar Tsofaffin Motoci a Birtaniya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau yana magana ne a kan wata ƙungiya ta masu sha'awar tsofaffin motoci a ƙasar Birtaniya, mai suna Veteran Car Club of Great Britain, wadda aka kafa a 1930, kuma har yanzu tana nan da ranta tana gudanar da harkokinta.

Tushen labarin wata doka ce ta 1865, wadda ta hana duk abin hawa mai injin ya wuce gudun mil 4 a awa a bayan gari, ko mil 2 a cikin gari, sannan ta wajabta wani mutum ya riƙa tafiya a ƙasa a gabansa riƙe da jar tuta yana gargaɗin jama'a. An sassauta batun tutar a 1878, amma ƙa'idar gudun ta zauna daram har 1896, lokacin da majalisa ta ɗaga ta zuwa mil 14. Ranar 14 ga Nuwamba na wannan shekara masu motoci suka yi jerin gwano na murna daga Landan zuwa Brighton, wani gari na bakin teku mai nisan kusan mil 60, kuma kafin su tashi sai da aka yayyaga jar tuta a gaban taro.

A 1927 jaridar Daily Sketch ta farfaɗo da wannan tafiya, sai dai a lokacin galibin 'yan kallo abin dariya suka ɗauke ta. Motar da aka ƙera a 1900 ba ta da wata daraja a idon mutanen wancan zamani, akwala ce kawai da aka jingine a bayan gida ana jiran masu sayen ƙarafa. Wasu direbobin ma shigar barkwanci suke yi domin su ƙara ba jama'a dariya. Wannan hali bai yi wa wasu daɗi ba, shi ya sa bayan an kammala tafiyar 1930, mutum uku, wato Sammy Davis da Jackie Masters da John Wylie, suka zauna a otal ɗin Old Ship da ke Brighton suka yanke shawarar kafa ƙungiya. Davis sananne ne a harkar, domin shi da abokin tuƙinsa suka ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1927 cikin motar Bentley, kuma yana rubutu a mujallar The Autocar. Duk da haka, abin da ya fi ƙauna shi ne wata 'yar mota mai ƙafa uku ƙirar Léon Bollée ta 1897. A wannan shekara ta 1930 ne kuma Royal Automobile Club, wata babbar ƙungiyar masu motoci ta Birtaniya, ta karɓi ragamar shirya tafiyar.

A ganina, abin da ya raya wannan ƙungiya tsawon shekaru fiye da 90 wani aiki ne mai gajiyarwa wanda 'yan kallo ba sa gani, wato tantance shekarun mota. Sharaɗin shiga tafiyar Brighton guda ɗaya ne, dole a ce an ƙera motar kafin 1 ga Janairun 1905. Faɗar sharaɗin yana da sauƙi, tabbatar da shi ne aiki, domin yawancin kamfanonin da suka ƙera waɗannan motoci sun daɗe da rushewa, takardunsu sun ɓace, rajistar motoci ta dole ma ba ta fara aiki a Birtaniya ba sai a farkon 1904. Ban da haka, motar da ta yi shekara ɗari ta bi ta hannun kanikawa da yawa, wannan ya sauya mata injin, wancan ya ɗora mata wani jiki, wani ya haɗa biyu ya fitar da ɗaya. Saboda haka ƙungiyar ta kafa kwamiti na masana, waɗanda suke duba lambar injin da ta shasi, su kwatanta giya da gatarin taya da abin da ke cikin tsofaffin littattafan talla na kamfanoni da hotuna, kafin su ba da takardar shaida. Wani lokaci sakamakon ba ya yi wa mai mota daɗi, domin yana iya zuwa da tabbacin motarsa ta 1904 ce, bincike ya nuna ta 1905 ce, shi ke nan ƙofar Brighton ta rufe masa, farashin motar kuma ya faɗi. Da kwamitin ya saba duba fuskar mai mota kafin ya yanke hukunci, da tuni takardarsa ta zama ta banza. Tsayuwar da ya yi a kan gaskiya ita ce ta sa mai saye da mai sayarwa da masu gwanjo duk suke neman wannan takarda a yau.

Abu na biyu da ƙungiyar ta dage a kai shi ne mota ta hau titi. Duk ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, da fitowar rana, motoci wajen 400 suke tashi daga Hyde Park da ke Landan, su ya da zango a Crawley, su nufi Madeira Drive a bakin tekun Brighton. Ba tsere ba ne, an ma hana matsakaicin gudu ya wuce mil 20 a awa, kuma duk wanda ya isa kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma lambar yabo iri ɗaya yake samu da wanda ya riga kowa. A cikinsu akwai masu fetur, akwai masu tururi da sai an hura wuta an jira ruwa ya tafasa, akwai kuma masu lantarki, abin da ke nuna cewa motar lantarki ta girmi kakannin masu yi mata kallon sabon abu. Yawancinsu ba su da rufi, wasu ba su da sitiyari sai sanda, birkinsu kuma ba shi da ƙarfi, ga sanyin Nuwamba da ruwan sama. A hawan tudun Clayton ba abin mamaki ba ne a ga fasinjoji sun sauka suna turi. Wannan wahala tana da amfani, domin motar da ake tuƙawa tana lalacewa, idan ta lalace kuma dole a nemo wanda zai ƙera mata kayan gyara da hannu, tunda babu shagon da ke sayar da su. Ta haka ne sana'ar take wucewa daga hannun tsoho zuwa hannun yaro.

Haɓakar harkar ta zo da sauri. A 1934 aka kafa Vintage Sports-Car Club domin motocin da suka biyo baya, a 1935 Amurkawa suka kafa tasu ƙungiyar a Philadelphia. Fim ɗin Genevieve na 1953, wanda aka gina labarinsa a kan tafiyar Brighton, ya sa mutane da yawa suka koma binciken abin da ke jibge a rumbunan gidajen gona. Ita ma Veteran Car Club ta faɗaɗa, ta karɓi motocin da aka ƙera kafin 1919, ta buɗe rassa a yankuna, ko da yake sharaɗin Brighton bai motsa ba. A 1966 aka kafa tarayyar duniya ta irin waɗannan ƙungiyoyi, FIVA, wadda ke ɗaukar motar da ta kai shekara 30, aka kuma adana ta yadda take tun asali, a matsayin motar tarihi. Bisa wannan ma'auni, Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, ta cancanci wannan suna, kuma abin baƙin ciki ne yadda ake sare irinta ana auna ƙarfen a kan sikeli.

Sai dai nasarar ta zo da matsalarta. Motocin da waɗanda suka kafa ƙungiyar suka tsinta kusan kyauta, yanzu ana gwanjonsu a Landan a kwanakin da ke gab da tafiyar a kan kuɗin da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya tarawa ba, kuma takardar shaidar da aka ƙirƙira domin kare gaskiya ita kanta tana cikin abin da ke tsadar da su. Matashin da ke da sha'awa, idan bai gada ba, yakan ƙare a matsayin fasinja ko mai riƙe sifana. Gwamnatin Birtaniya ta sauƙaƙa wani ɓangare, domin motar da ta wuce shekara 40 an yafe mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, amma wannan bai taɓa farashin saye ba. Ni dai ina ganin ya kamata masu motocin su riƙa ba wa matasan ƙungiyar damar zama a kujerar direba, su koya musu tayar da injin da hannu da sarrafa tukunyar tururi, tun waɗanda suka iya suna da ƙarfin koyarwa.