Laburare da Cikin Yaro: Lacca kan Ciyarwa a Ɗakunan Karatu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malamaina da ke zaune a gaba, 'yan uwa ɗalibai, assalamu alaikum.

Idan aka ambaci Amurka, ba kowa ne yunwa ke faɗo wa a rai ba. Amma rahoton Ma'aikatar Noma ta ƙasar ya nuna cewa a 2023 gidaje kusan miliyan 18, wato kashi 13.5 cikin 100, sun sha fama da rashin tabbacin abin da za a ci. Yaran irin waɗannan gidaje da yawa a makaranta suke samun abincin rana, kyauta ko a rangwame. To ga matsalar: daga Yuni zuwa Agusta makarantu na dogon hutu, abincin ma sai ya tafi hutu.

Tun 1968 gwamnatin tarayyarsu ke da shirin ciyar da yara a wannan hutu. Kuɗin na nan, amma ina yaron zai zauna ya ci? Nan laburare ya shigo. A jihar Kalifoniya, a 2013, aka fara shirin Lunch at the Library, wato cin abincin rana a ɗakin karatu. A unguwar da aƙalla rabin yaranta suka cancanci tallafin abincin makaranta, duk yaron da bai wuce shekara 18 ba zai shiga ya ci. Ba cike takarda, ba a tambayi sana'ar ubansa ba.

Jama'a, ku riƙe wannan, domin shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. Abin da ke hana mabuƙaci karɓar taimako sau da yawa kunya ce. Magidanci mai mutunci ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layin sadaka. Amma wanda aka gani ya shiga laburare, wa ya san abin da ya kai shi? Ko littafi, ko intanet, ko neman aiki a kwamfuta, ko gudun zafin rana. Ƙofar da kanta ta rufa masa asiri. Yaron kuma ya ci ya ƙoshi, ga littattafai a gefensa, sai ya ɗauka.

Akwai kuma aron iri. Laburaren birnin Richmond a Kalifoniya ya soma a 2010, na gundumar Pima a Arizona ya bi sahu a 2012. Ka ɗauki irin tumatir ko wake ka shuka, in Allah ya ba ka amfani ka dawo da wani. Manomanmu sun san wannan, rancen iri ne da maƙwabci ke ba maƙwabci a biya da kaka.

A Kanada ma, lokacin kullen korona a 2020, wasu rassan laburaren Toronto sun koma wuraren rabon kayan abinci.

Aikin ba ya rasa nauyi. Ma'aikacin laburare littafi aka koya masa. Yanzu ga kula da firji, ga shara, ga ƙirga kwanukan da aka raba. Abin da ya fi damuna kuwa, kuɗin gwamnatin abincin yara kaɗai yake biya, uwar da ta rako su ba ta da rabo. Shi ya sa wasu laburarorin ke haɗa kai da ƙungiyoyin agaji don a ba iyaye abin da za su kai gida.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu.