Takobin gado: yadda za ku gane shekarunsa kafin a ruɗe ku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar tsohon takobi za mu yi, irin wanda ake samu rataye a zaure ko a ƙarƙashin gadon kaka, ko wanda za ka gani a kasuwa mai kaya ya rantse maka cewa tun zamanin Shehu yake. Kowa tambayarsa ɗaya ce, shekararsa nawa? To ni dai a ganina tambayar ce ma ke buƙatar gyara, don takobi abu uku ne aka haɗa wuri ɗaya, ga ruwan takobin, ga ƙota, ga kube, kuma kowanne da nasa shekarun. Sai ka samu ruwa ya shekara 200, ƙotar da ke kansa ba ta wuce 60 ba, kuben kuwa baduku ya ɗinka shi ana gobe hawan sallah. Fata tana ruɓewa, ƙota tana girgiɗi a canza ta, ƙarfe mai kyau kuwa ba a jefar da shi, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Mu fara da siffa, don sai ka san ɗan gidan waye kafin ka tambayi shekarunsa. Iri biyu za mu kwatanta, ga na farko. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, faɗi daga gindi yana tsukewa zuwa baki, kuma bakin a zagaye yake ba tsini sosai. Sandar da ta gitta tsakanin hannu da ruwa mai faɗi ce, an lulluɓe ta da fata ko tagulla. Wannan shi ne takobinmu, na Hausawa da Fulani da Buzaye, daga Kano da Sakkwato har Agadas. Na biyu kuma na Sudan ne, kaskara, shi ma miƙaƙƙe amma ya fi tsawo da nauyi, faɗinsa kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, sandar da ta gitta siririya ce ta zallar ƙarfe, kan ƙotar faifai ne, sannan kuben yana buɗewa kusa da ƙarshe. In kun riƙe wannan bambancin kaɗai kun wuce masu saye da yawa. Akwai kuma wuƙar hannu ta Buzaye, mai zobe a jikin kube da ake zura hannun hagu ciki, ita sai wani bidiyon.

Yanzu ruwan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tarin takubban da aka yi yaƙi da su a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, ƙarfensu daga Jamus ya fito, daga wani gari da ake kira Solingen wanda sana'arsu kenan tun kaka da kakanni. Ruwa kawai suke ƙerawa ba ƙota, a loda a jirgin ruwa zuwa Tarabulus, ayarin raƙuma su ɗauko ta Gadamas da Gat da ƙasar Azbin har Kano. Baturen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa birnin duk shekara, a Kano ake saka musu ƙota da kube, daga nan su bazu ko'ina. Ku tsaya ku yi tunanin wannan adadin, dubu hamsin fa a shekara. Kenan in ka samu ruwan Turai a takobin gidanku ba abin mamaki ba ne, kuma bai rage masa daraja ba ko kaɗan, hannun maƙeran Kano da dukawanta ne ya mai da shi takobi.

To ya ake gane na Turai da na gida? Ku kalli kwarin nan da ke bin tsakiyar ruwan, yawanci guda uku ne, na tsakiya ya fi tsawo. A na Solingen layin a miƙe yake sak, zurfinsa ɗaya, don da babban dutsen wasa mai juyawa aka fitar da shi. A na gida za ka ga ya ɗan karkace nan da can, wani wurin ya yi zurfi wani wurin ya tashi, aikin hannu ne. Sannan in ka danna shi a hankali, na ce a hankali, ƙarfen Turai yana lanƙwasa ya dawo daidai, na tama wanda aka narka a gida sau da yawa ya fi taushi, in ya lanƙwashe sai ya zauna a haka. Amma nan ma akwai tarko, don daga lokacin da mota ta shigo a ƙarni na 20 maƙera suka koma sipirin ɗin mota, shi ma yana lanƙwasa ya dawo tsaf. Saboda haka dawowar ƙarfe kaɗai ba shaidar tsufa ba ce.

Sai tambari, kuma nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Za ku ga hoton wata guda biyu masu fuska an buga su kusa da ƙarshen kwarin, ko wata dabba tana gudu kamar kare, kyarkeci ne, asalinsa tambarin maƙeran garin Passau na Jamus ne, Solingen suka kwaikwaya don kasuwa. Akwai zaki, akwai ƙuda, akwai ƙwallo da gicciye a kansa. Da mutanen Sahara suka lura cewa ruwa mai waɗannan alamomi ya fi ƙarko, sai alamar kanta ta zama abin nema, har ana ganin tana ƙara wa takobi ƙarfi, sai maƙeran gida su ma suka shiga bugawa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba, abin da mai saye ke so ne aka ba shi, amma dai kai mai bincike dole ka bambance. Na asali yawanci layinsa tsaf yake, kuma ya suɗe tare da sauran ƙarfen. Na kwaikwayo da kurfi aka sassaƙa shi kaɗan kaɗan, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, kyarkecin wani lokacin ma ba za ka gane dabba ba ne. In ruwa ya ci wasa har ya rame amma tambarin yana nan sabo fil, to daga baya aka saka shi.

Haka abin yake a kaskara. Bayan yaƙin Omdurman na 1898 da aka yi da mabiya Mahadi a Sudan, sojojin Ingila sun kwashi takubba da yawa zuwa gida, shi ya sa har yau suke yawo a gwanjon Turai, wasu jikinsu cike da rubutun Larabci da aka ci da asid. Rubutun nan yana burge mai saye, sai dai an ci gaba da yin irinsa bayan yaƙin don sayar wa baƙi, saboda haka ganin rubutu bai isa ka ce wannan ya je yaƙin Mahadi ba.

Ƙota ita ce ta fi saurin tona asiri. Tsofaffin takubbanmu kan ƙotarsu babba ne, a dunƙule, mai ɗan nauyi don ya daidaita ruwan a hannu. Na baya bayan nan ya baje, an jera faranti faranti na tagulla da jan ƙarfe kamar ɗan dala. In kuka ga alminiyom, ko roba, ko walda, ko zaren lailon a ɗinkin kube, ko fata mai kala tana ƙyalli kamar fenti, wannan ɓangaren na ƙarni na 20 ne ko ma na jiya jiya. Amma ku tuna, ɓangaren na ce, kar ku yanke wa ruwan hukunci da laifin ƙota.

Yanzu ga roƙona, kuma wallahi da gaske nake. Don Allah kar ku goge. Kar ku kai shi wurin mai injin wasa wuƙa, kar ku saka masa sanfefa, kar ruwan batir ko lemun tsami da toka ya taɓa shi. Baƙin nan da ya kwanta a jikin ƙarfe shi ne shaidar shekarunsa, in ka kankare shi ka kankare tambarin da layin kwarin gaba ɗaya, kuma ba ya dawowa. A Japan masu tara takubba ba sa taɓa tsatsar da ke jikin gindin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, don da kalarta suke kimanta zamani, kuma a nan maƙeri ke saka sunansa. Jar tsatsa mai gari ita ce ke cin ƙarfe, ita kuma ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi sun ishe ta, ka shafa ka bari ya kwana ka share. Da damina a zare shi daga kube lokaci lokaci, don fata tana riƙe laima, kuma in ka taɓa ruwan da hannu ka goge wurin, gumi ma tsatsa yake kawowa.

Sannan ku nemi tsofaffin gida tun suna raye ku tambaye su, na waye, daga ina ya samo shi, wane hawa aka yi da shi, ku rubuta a takarda ko ku yi rikodin a waya, ku ɗauki hoton kowane tambari da hamilar in tana nan. Gajere na fadar Katsina, abin da ya ɗaga shi sama da sauran takubba shi ne an san labarinsa, ana danganta shi da Muhammadu Korau, sarkin Katsina na zamanin da. Takobin da ba a san daga inda ya fito ba ko a wurin dillalai kuɗinsa ya ragu.

Masu tunanin sayarwa kuma, ku sani a Najeriya akwai doka ta 1979 wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, a ƙarƙashinta kayan sana'ar gida da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, ba a fitar da su waje sai da izinin hukumar, cinikinsu ma akwai ƙa'ida. In wani ya turo maka saƙo a Facebook ko WhatsApp yana cewa ka aiko masa ta kago zai biya da dala, ka dakata tukuna. Ka fara kai hotunan gidan tarihi mafi kusa da kai, in a Kano kake ga Gidan Makama nan, su duba maka su faɗa maka matsayinsa a doka kafin ka amsa masa.